3.4 Ƙungiyar Carolina Chocolate Drops da Farfaɗo da Kiɗan Banjo

A wannan sashe za a dubi yadda ƙungiyar ta tunkari kiɗan gargajiya. An kafa ta ne a shekarar 2005, bayan da Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson suka haɗu a wani taron makaɗan banjo baƙaƙen fata a garin Boone, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka.

Banjo dai asalinsa na bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne. Na farkon ma da duma da fata aka yi shi, kusan ƙirar gurminmu. A ƙarni na 19 Turawa masu shafa baƙi a fuska don kwaikwayon bayi suka ɗauke shi, sannan a shekarun 1920 kamfanonin faifai suka raba kasuwa gida biyu: bulus na baƙaƙe, kiɗan ƙauye na farare. Ta haka jikokin masu abu suka wayi gari suna ɗaukar banjo kayan wasu.

A ra'ayin mai wannan bincike, ƙarfin ƙungiyar yana ga hanyar da ta bi ta koyo. Matasan sun riƙa zuwa garin Mebane wurin dattijo Joe Thompson (1918-2012), mai goge wanda ya gaji kiɗan a gidansu, suna zama gabansa kamar yaran makaɗi. Wannan ya fito fili a faifansu na 2006, Dona Got a Ramblin' Mind, inda goge ke jan gaba, banjo na riƙe amo, ana busa tulu a madadin babbar murya. Kiɗan bai sha gyara ba, kuma daɗinsa ke nan.

Sai dai akwai abin dubawa. Kiɗan Thompson na rawa ne, wanda ake yi a ɗakin gida bayan an kawar da kujeru. Da ƙungiyar ta yi suna, musamman bayan Genuine Negro Jig (2010) ya ci lambar Grammy a 2011, sai ya koma manyan zauruka gaban 'yan kallo a zaune, akasarinsu farare. Sauti ya fi tsabta, muryar Giddens ta ƙara fitowa, amma goge ya rasa ƙafafun da yake yi wa kiɗa. Robinson ya bar ƙungiyar a 2011, Flemons kuma a ƙarshen 2013.