Gasar Maƙera a Amurka, da Kuben da Aka Manta

A ƙasar Amurka akwai mutane da yawa waɗanda ƙira ba gadonsu ba ce, ba kuma da ita su ke ci ba. Wani malamin makaranta ne, wani direba, wani tsohon soja. In sun taso daga aiki sai su shiga ɗan ɗaki a bayan gida, su hura wuta, su yi ta bugun ƙarfe har dare don sha'awa kurum, su ƙera wuƙa guda su ba aboki kyauta. Bahaushen ƙauye da ya ji wannan lalle zai yi mamaki, gama a wurinsa ɗan maƙeri shi ke ƙira, tun yana yaro ya ke zaune gindin zugazugi.

Abin da ya ƙara yaɗa wannan sha'awa shi ne wani shiri na talabijin mai suna Forged in Fire, watau abin da aka ƙera cikin wuta, wanda tashar History ta fara nunawa a 2015. Ga yadda aka tsara shi tun farko. A kan tara maƙera huɗu a maƙera guda, a ba su ƙarfe, a ce cikin sa'a uku kowa ya fitar da ruwan wuƙa, watau ƙarfen nan mai kaifi tun ba a sa masa ƙota ba. Alƙalai su duba, su sallami mutum ɗaya. Sauran ukun su sa ƙota, su wasa, a gwada wuƙaƙen, a sake sallamar ɗaya. Biyun da suka rage sai a nuna musu wani makami na mutanen da, a ce su koma gida su ƙera irinsa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ci a ba shi dala 10,000.

Kafin a zo ga aibin shirin, wajibi ne a faɗi alherinsa, gama yana da shi. Ya koya wa jama'a abin da da ba mai sani sai maƙeri. Mai kallo ya kan gane ba kowane ƙarfe ke yin wuƙa ba, sai wanda ke da sinadarin gawayi a jikinsa, wanda a ke kira kabon, kamar kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka kaɗan. Don haka ne tsohon magagari da sifirin na mota su ke da daraja wurin maƙera. Ya kan kuma ga yadda a ke ƙarfafa ruwan wuƙa: a gasa shi ya yi ja har maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa wajen digiri 770, a ɗan ƙara masa wuta, sa'an nan a tsoma shi cikin mai nan da nan. In an dace, magagari ya kan zame a kansa ba ya cinsa. In an yi gaggawa an tsoma cikin ruwan sanyi, sau da yawa sai a ji ƙas, ya tsage, wahalar sa'a uku ta tashi a banza. Alƙalan farko, J. Neilson da David Baker da Doug Marcaida, su kan bayyana dalilin kowane kuskure a fili, yadda ko wanda bai taɓa riƙe masaba ba zai fahimta.

Har wa yau akwai ladabi a cikinsa. Maƙeran ba su zagin juna, wani ma ya kan ba abokin gasarsa shawara. Wanda aka kayar ya miƙa wuƙarsa, ya yi sallama, ya fita. Kuma ta hanyarsa mutane da yawa suka fara jin sunan makaman Afirka, irin su shotel na Habasha mai lanƙwasa kamar lauje, da akrafena na Asante, da iklwa, gajeren mashin Zulu.

To, amma sauri kan haifi nawa. Aibi na farko shi ne agogon nan da aka kafa bisa kan maƙera. Ƙarfen da aka tsoma cikin mai ya kan fito da tauri ƙwarai, amma da gautsi kamar tangaran. Sai an mai da shi cikin wuta marar ƙarfi, wajen digiri 200, ya yi sa'a guda ko biyu, galibi har sau biyu, kafin gautsin ya ragu. Wannan aiki ba shi da harshen wuta, ba shi da tartsatsi, saboda haka da ƙyar mai kallo ke ganinsa. Sabon shiga da ya koya daga talabijin kaɗai ya kan ɗauka da an tsoma an gama, ya wasa wuƙarsa ya kai ta daji, ta karye masa a sara na farko.

Aibi na biyu yana wajen gwaji. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma gwaji iri iri ne. Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, American Bladesmith Society, wadda William Moran da abokansa suka kafa a 1976, tana da nata. Wanda ke neman ta shaide shi sai wuƙarsa ta datse igiya mai kaurin inci ɗaya tana rataye, da sara guda. Ta sare katako mai inci 2 da inci 4 har sau biyu. Bayan haka ta aske gashin hannu. Daga ƙarshe a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tambayar da ya ke amsawa game da kaifi ko tauri ko jimiri. A cikin shirin kuwa an fi son abin da zai sa mai kallo ya zabura: a sari ƙanƙara, a sari ƙashi, a farke gawar alade ko mutum-mutumi mai jinin ƙarya. Wuƙar da za ta jure wannan sai ta yi kauri da nauyi. Alhali yawancin aikin wuƙa a duniya fiɗa ne, da yankan nama, da feƙe itace, da yanke igiya, waɗanda siririyar wuƙa ta fi dacewa da su. Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010, ya yi suna ne da 'yar wuƙar mafarauta mai sauƙin riƙo, wadda ya ke gogewa daga sandar ƙarfe ba tare da bugu ba. Irin tasa ba ta da wuri sosai a wannan fage.

Babban aibin, wanda ya fi waɗannan biyu nauyi, shi ne kube. A tsarin shirin na yau da kullum maƙeri ya kan kawo wuƙa tsirara, a gwada ta tsirara, a ba shi kuɗi, a tashi. Ba a tambayarsa inda za ta kwana. Wuƙar da ke aske gashi kuwa, in ba ta da gida, ba mai iya ratayarta, ba mai iya sa ta a jaka, kuma a gidan da ke da yara abin tsoro ce.

Ɗinkin kube kuwa ilmi ne mai zaman kansa. Da fari sai an zaɓi fata. Masu wannan aiki sun fi son ƙirgin da aka jeme da ɓawon itace ko 'ya'yansa, mai kaurin kamar milimita 3, domin shi ne in an jiƙa shi ya kan ɗauki siffar abin da aka naɗe da shi, in ya bushe ya riƙe ta. Su kan guji fatar da aka jeme da gishirin kurom, irin ta jakunkuna da kujeru, gama tana da laushi, suna kuma tuhumarta da jawo tsatsa. A kan shafa wa wuƙa mai, a naɗe ta, a sa ta cikin jiƙaƙƙiyar fatar, a yi ta dannawa da yatsa ko da ƙashi mai santsi har fatar ta bi ƙota ta kama ta. Kuben da aka yi haka, ko an kifar da shi wuƙa ba ta faɗowa.

Sa'an nan ga wani ɗan abu wanda ba a ganinsa daga nesa, shi ne kuwa ran kuben. Wata siririyar fata ce da a ke sakawa tsakanin ɓangarorin biyu, daidai inda kaifi zai kwanta, a ɗinke su uku tare. Amfaninta shi ne kaifi ya riƙa cin fata maimakon zare. Wanda bai san da ita ba ya kan ɗinke fata biyu kurum, kube ya yi kyau a ido. Yau a zare, gobe a mayar, zaren yana tsinkewa ɗaya ɗaya, har ran da mai shi zai sunkuya ko ya faɗi, wuƙa ta ɓullo ta gefe ta sami cinyarsa. Ɗinkin kansa da allura biyu a ke yi, da zare mai kakin zuma, kowace allura ta bi ramin da basilla ta huda, ɗaya daga nan ɗaya daga can, don in zare guda ya tsinke ɗayan ya riƙe. A can ƙasa a bar 'yar kafa inda ruwa zai fita. Mutanen Finlan su kan ƙara da ɗan kwaroron itace a cikin kuben wuƙarsu da su ke kira puukko, don tsini kada ya huda.

Mai koyon Hausa zai lura harshen ya raba aikin nan gida biyu, kowa da sunansa. Maƙeri ke da uwar maƙera da masaba da awartaki. Baduku ke da fata da basilla da zare. Bayansu kuma ga majemi, wanda ke jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Wuƙa ko takobi sai sun bi ta hannun baduku kafin su isa rataya, kuma sau da yawa adon kube mai saye ke fara dubawa. Wuƙar nan da Buzaye ke ɗaurawa a hannu ma, zoben fatar da ke jikin kubenta shi ya mai da ita abin da ta ke. Ba'amurke mai ƙira don sha'awa ya haɗa sana'ar mutum biyu a kansa, saboda haka shirin da ya koya masa rabi ya bar shi a tsakiyar hanya.

Masu shirin suna da hanzari. Za su ce wuta da tartsatsi ke tara 'yan kallo, ba mai zama ya kalli mutum yana huda fata. Akwai gaskiya a ciki. Amma maƙeran da a ke sallama gida suna da kwanaki a hannu, kuma gwajin kube ba ya cin minti biyu: a kifar da shi a girgiza, a zare wuƙa da hannu ɗaya a mayar sau goma, sa'an nan a duba zaren. Alƙalan da suka iya sa jama'a su damu da zafin mai za su iya sa su damu da wannan.

Saboda haka wanda ke son ƙira ya kalli shirin, zai ƙaru ƙwarai game da ƙarfe da wuta. Amma kada ya ɗauki saurinsu, kada kuma ya auna wuƙarsa da sarar ƙanƙara. In ya gama ƙota ya wasa, ya ajiye ta inda yaro ba zai kai ba, ya nemi ƙirgi da basilla, ko kuwa ya nemi wanda ya iya, tukuna ya rataya ta a ƙugu.