Tsohuwar Karta da Sabuwar Ma'ana: Sharhi a kan Littattafan Waite da Gardner

Littattafai biyu a ke nufin aunawa a cikin wannan takarda, dukansu na Ingilishi, an buga su a birnin London. Na fari shi ne The Pictorial Key to the Tarot na Arthur Edward Waite, wanda ya fito a 1911, yana bayanin ma'anonin kartar duba da Turawa ke kira tarot. Na biyu shi ne Witchcraft Today na Gerald Gardner, na 1954, wanda da shi ne addinin nan da a ke kira Wicca ya fito fili. Ko da ya ke sun kwana biyu, har yanzu ba a daina buga su ba, kuma da yawa daga abin da ɗalibi zai tarar a intanet game da waɗannan al'amura daga cikinsu aka ɗebo, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Maganar halaccin duba ko haramcinsa fagen malaman addini ne, sun kuwa yi bayani. Abin da za a bincika a nan tambaya ce ta tarihi da harshe: abin da aka ce gado ne na tun zamanin da, shin tsohon ne?

Asalin kartar

Kartar tarot kati 78 ce. Kati 56 sun kasu gida huɗu, ko wane gida 14, watau kofi da tsaba da takobi da sanda. Sauran 22 su ne manya, masu ɗauke da hotuna irin su Wawa, da Sarki, da Paparoma, da Mutuwa, da Rana, da Wata. Gidajen nan huɗu daga ƙasashen Musulmi suka shiga Turai. A 1377 hukumar birnin Florence ta Italiya ta hana wani sabon wasa mai suna naibbe, sunan kuwa daga Larabci ya ke, watau na'ib, mataimakin sarki, domin a kartar Mamalukan Masar akwai kati mai wannan muƙami. Akwai irin wannan karta a ajiye a fadar Topkapi ta Istambul, wadda L. A. Mayer ya ba da labarinta a 1939. Manyan katin kuwa a Italiya aka ƙara su. Labarinsu na farko da aka samu a rubuce na 1440 ne a Florence, sa'an nan na 1442 a Ferrara. Daga nan har wajen shekara 300 wasa a ke yi da ita, kamar yadda a ke yi har yau a Faransa da Ostiriya.

Wanda ya juya al'amarin wani limamin kirista ne, Antoine Court de Gébelin. A 1781, cikin juzu'i na 8 na littafinsa Le Monde primitif, ya ba da labarin yadda ya tarar ana wasan a wani gida a Paris, ya duba katin, nan take ya gane wai littafin hikimar Misirawan da ne. Hujjarsa ta harshe ita ce sunan ya fito daga kalmomin Misiranci biyu, tar, hanya, da ro, sarki. Alhali kuwa a sa'an nan babu mahalukin da ya iya karanta rubutun Misirawa, sai a 1822 Champollion ya warware shi, da aka duba kuwa ba a sami waɗannan kalmomi da wannan ma'ana ba. In da kamancin sauti hujja ne, da Bahaushe ma sai ya ce kartar tasa ce, tun da Faransawa taro su ke furta sunan, ga shi kuwa ba a yin karta sai an taru. Kama da wane ba ta wane. Amma maganar ta riga ta shiga. Wani mai duba a Paris, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya jera wa ko wane kati ma'ana, ya buga kartarsa a 1789. Daga baya Éliphas Lévi ya haɗa manyan kati 22 da baƙaƙen Ibrananci 22.

Littafin Waite

Dole a yaba wa Waite a kan abu guda. Ya ƙi yarda da labarin Masar, ya faɗa a fili cewa kartar ba ta da tarihin da ya kai can. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ke ɗan ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a 1888, ta cika ayyukanta da gumakan Masar. Amma da ya rushe wancan gini sai ya kafa wani a gurbinsa, ya ce hotunan na ɗauke da wani ilmi ɓoyayye wanda ba shi da iznin bayyanawa. Da'awar da mai ita ya ƙi kawo wa shaida ba ta aunuwa, wannan shi ne babban aibin littafin.

Ga misali. A kartar Marseille, wadda Faransawa suka saba da ita, Adalci ne na 8, Ƙarfi na 11. Waite ya musanya su, ya ce yana da dalilin da ya gamsar da shi, bai faɗi dalilin ba. Yau an san shi: tsarin Golden Dawn ne, wanda ya ke son Ƙarfi ya dace da burujin Zaki, Adalci ya dace da burujin Mizani. Har ila yau Lévi ya ba kati na 1 baƙin alef, su kuwa 'yan ƙungiyar suka ba Wawa, saboda haka baƙaƙen da ke biye suka gusa. Asirin da magadansa biyu suka saɓa a kan baƙinsa na farko, da wuya a ce gado ɗaya suka ci. Balle kuma tsoffin katin Italiya na farko ba su da lamba a jikinsu, jerinsu ya bambanta daga gari zuwa gari, kamar yadda Michael Dummett ya nuna a 1980, har wata kartar Florence mai suna minchiate kati 97 gare ta.

Ma'anonin su kansu ba su zauna wuri ɗaya ba. Katin Ratayayye, mutum a rataye ta ƙafa ɗaya kansa ƙasa, Italiyawa sun san shi da maci amana, domin haka a ke zana maciya amana a bangon gari don a kunyata su. Court de Gébelin ya ce kuskuren masu bugawa ne, ya miƙar da shi tsaye ya kira shi Tsinkaya. A hannun Waite ya zama alamar hikima da sadaukar da kai. Katin Mutuwa kuwa, a jerin Waite ƙarewa ce da halaka, amma masu duba na yanzu sun fi cewa sauyi ne, don kada mai neman duba ya firgita. Ma'anar da ke sakewa gwargwadon bukatar mai saye, kasuwa ce ke riƙe da linzaminta.

Abin da ya raya wannan littafi hotunansa ne, su kuwa aikin Pamela Colman Smith ne, wadda ta zana kartar da kamfanin Rider ya buga a 1909. Ita ce ta sa wa ƙananan kati 40 masu lamba hotunan mutane da abin da su ke yi, har wanda bai karanta kome ba ya iya ƙaga labari daga gare su. Ta ɗauki waɗansu siffofi daga kartar Sola Busca ta 1491. Ma'anonin da Waite ya jera ƙarƙashin hotunan yawancinsu na makarantar Etteilla ne, shi kansa ya yarda cewa waɗansu ba su jitu da juna ba. Duk da haka shekaru da yawa sunan Rider da na Waite kaɗai a ke kiran kartar da su.

Tsoffin littattafan sihiri

Kafin a zo ga Gardner sai an dubi rumbun da ya ɗiba. Turawa na kiran littafin sihiri grimoire, kalmar kuwa daga grammaire ta ke, watau nahawu, domin a zamanin da littafi duk na Latin ne, wanda bai yi karatu ba ya ɗauka abin da ke ciki asiri ne. Irin wannan zamewar ma'ana ta faru ga Hausa, inda ɗibbu na Larabci, ilmin magani, ya zama tsibbu. Wannan asalin kalma ne na gaskiya, domin ana iya bin sawunsa a rubuce mataki mataki, abin da ba a iya yi wa tar da ro.

Littattafan tsoffi ne, amma ba su kai tsufan da su ke da'awa ba. Wanda a ke kira Mabuɗin Sulaimanu, wanda S. L. MacGregor Mathers ya buga da Ingilishi a 1889, bai wuce ƙarni na 14 ko na 15 ba, an dai jingina shi ga Annabi Sulaimanu don ya sami kwarjini, ko da ya ke Alƙur'ani ya barrantar da shi daga sihiri. Picatrix kuwa fassara ce ta Gayatul Hakim, wanda aka rubuta da Larabci a Andalus, aka juya shi zuwa harshen Kastil a 1256 a fadar Sarki Alfonso na 10. Haka nan Shamsul Ma'arif, wanda ba baƙo ba ne a kasuwannin littattafai na ƙasar Hausa, an jingina shi ga Ahmad al-Buni na ƙarni na 13, amma masu binciken rubutun hannu sun nuna babban kundin da ke yawo an tara shi ne bayan rasuwarsa da ƙarnoni. Jingina littafi ga magabaci al'ada ce ta wannan fanni ko'ina. Abin mamaki shi ne, masu neman asali sun tafi Masar ta Fir'auna inda babu sawu, suka tsallake Larabci inda sawun ya ke a fili.

Littafin Gardner

A 1951 Ingila ta soke dokar maita ta 1735. Bayan shekara uku Gardner, tsohon ma'aikacin kwastan a Malaya, ya fito da littafinsa, ya ce a 1939 an shigar da shi wata ƙungiya a yankin New Forest, ragowar wani addini da ya riga Kiristanci. Margaret Murray ce ta rubuta masa gabatarwa, a kan ra'ayinta kuma ya dogara, wanda ta bayyana a 1921, cewa mutanen da aka kashe a Turai bisa zargin maita mabiya tsohon addini ne. A 1975 Norman Cohn ya koma ga takardun shari'ar da ta yi aiki da su, ya nuna takan yanke wuraren da hankali ba ya ɗauka, kamar tashi sama da rikiɗa, ta bar abin da ya yi kama da taron ibada. Ba ta kuma kula da cewa yawancin ikirarin da azaba aka tatso shi ba. Gardner ya maimaita cewa mutum miliyan 9 aka kashe, masana tarihi kuwa lissafinsu tsakanin 40,000 ne da 60,000.

Ta wajen harshe ma ya yi tuntuɓe. Ya ce Wica ma'anarta masu hikima. A tsohon Ingilishi wicca namiji ne mai sihiri, wicce mace, daga nan witch ta fito, masana asalin kalmomi ba su yarda ta haɗa saiwa da wise ba. Addu'o'in ƙungiyar kuwa, Doreen Valiente, wadda ta shiga a 1953, ta gane maganganun Aleister Crowley a ciki, ta sake rubuta da yawa da hannunta. Sauran an ɗebo daga Mabuɗin Sulaimanu, da tsarin Freemason, da Aradia na Charles Leland na 1899. Ronald Hutton ya bi wannan sawu filla-filla a 1999. Saboda haka a matsayin tarihi littafin ya faɗi. A matsayin shaidar haihuwar sabon addini kuwa yana da daraja, domin ba kasafai a ke samun addinin da a ke iya ganin ɗinkinsa tun daga zare ba. A ƙidayar 2021 mutum wajen 13,000 a Ingila da Wales suka ce shi su ke bi, da yawa daga cikinsu sun yarda cewa na ƙarni na 20 ne.

Abin da ya shafi mai koyarwa

Saura maganar fassara, ita ce ta fi kusa da aji. An saba fassara witch da maye, amma a nan ba ta yi ba. Maye a wurin Bahaushe mai ƙanƙara ne a ciki, wanda ya ke kama kurwa, ba ya kuwa shelar kansa, zarginsa a ke yi. Evans-Pritchard ya bambanta irin wannan da sihirin da a ke koya, a bincikensa na Azande na 1937. Mai bin Gardner shi ya zaɓi sunan, yana bautar ubangiji da ubangijiya, yana bukukuwa takwas a shekara. Aikinsa ya fi kusa da tsafi, duban karta kuwa ɗan'uwan bugun ƙasa ne. In malami ya ce wa ɗalibai a Ingila mayu sun yi rajista da hukuma, ya ba su labarin da ba haka ya ke ba, ya kuma ƙarfafa zargin da har yau ya ke jawo wa tsofaffin mata duka da kora, wani lokaci har kisa. Waɗanda aka ƙone a Turai ma zargi ne ya ci su, ba su san wani addinin ɓoye ba.

Ɗalibin da ya kawo irin waɗannan littattafai, abin da ya kamata a koya masa shi ne ya raba tambaya uku: yaushe aka yi abin, yaushe aka ba shi ma'anar, wa ya ba shi. Kartar ta 1440 ce, ma'anarta ta 1781, hotunan da aka fi sani na 1909. Wannan ma'auni shi ne kuma za a ɗora wa kundin da aka jingina ga wani shehu, da labarin asalin sunan gari da aka gina bisa kamancin sauti.