Jinjina ga Masu Laluben Jijiya

Yaron da amai da gudawa suka tsotse, jijiyoyinsa lafewa suke yi. Nan ake gane gwanar ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata. Sai ta ɗaure damtsen da roba, ta ɗan bubbuga bayan hannun, yatsarta na gani fiye da idonta. Jijiya mai harbawa ba ta taɓa ta, wannan daga zuciya take ɗauko jini da ƙarfinsa. Mai laushin take nema, wadda ke mayar da shi, mai siririn bango da saurin zillewa. Da irin ɗaurin nan William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa jini zagayawa yake yi.

Suka ɗaya, ruwa ya fara ɗiga.

"Sannu Mama, an samu."