Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya taɓa zama a Rikoto, cikin garin Zuru, a lokacin bikin Uhola, watau bikin da Dakarkari, waɗanda su ke kiran kansu Lelna, su kan yi bayan an kawar da amfanin gona, ya san yadda samari su kan wuni cikin rana da ƙura, kowa da wayarsa a hannu, suna ɗaukar hoton rawa da kokawa. Wani ya kan kwana biyu yana yankewa yana haɗawa, har abin ya yi kyaun gani. Kafin mako ya kewayo sai ya tarad da aikinsa a hannun wani a Facebook ko TikTok, an shafe sunansa, an liƙa wani a gurbinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Nufimmu a wannan takarda shi ne mu auna wannan ɗabi'a da ma'aunin adabimmu.

Da farko dai, aro ba laifi ba ne, gama babu adabin da ya girma ba da aro ba. Littafin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya wallafa a Zariya, ya fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939, an ɗebo labaransa da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya, sa'an nan aka yi musu riga da rawani na Hausa. Sai dai littafin bai gaya wa mai karatu inda aka ɗebo kowane labari ba, don haka sai da manazarta, irin su Ibrahim Malumfashi, su ka sha wahalar bin sawunsu bayan shekaru masu yawa. Gwanintar Imam ba ta ragu ba da aka gane tushen. Ƙaruwa ma ta yi, domin sai an ajiye na asali kusa da nasa a ke ganin abin da ya ƙara.

Malamammu na dā kuwa ba su ɓoye inda su ka sha ruwa ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusuki, don ya lissafta malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ma, an san Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a kan aiki ɗaya, kowa da sunansa, ba wanda ya danne wani. Wannan shi ne isnadi, kuma da shi a ke rarrabe zance mai tushe da jita-jita.

Da aka zo zamanin majigi, an fara da bin wannan hanya. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, kowa ya san daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, ba a kuwa yi kunyar faɗi ba. Amma bayan da finafinan bidiyo su ka kankama a Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, sai aka shiga kwaso labarai da karin waƙoƙi daga finafinan Indiya, waɗanda jama'a su ka saba kallo a silima shekara da shekaru. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin da yawa daga cikinsu, ya gwada kowane da uwarsa. Ga shi kuwa a kan jera sunaye a ƙarshen fim, har da mai kwalliya da direban mota, amma ba safai a kan ga sunan mai labarin ba. Yaron da ya shafe sunan ɗan'uwansa a hoton Uhola, a nan ya ga an yi.

To, mece ce hasarar? Ta farko a fili ta ke: wanda ya yi wahala ya rasa suna, ya rasa wanda zai neme shi aiki gobe. Ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma ta shafe mu, mu masu nazari. Hoton da aka raba da sunan mai shi, an raba shi da shaidarsa. Ba wanda za a tambaya a wane ƙauye aka ɗauka, wace shekara, me waƙar ta ke cewa da harshen C'lela. Nan gaba ɗalibi zai sami hotuna dubu na Uhola, ya rasa guda ɗaya da zai kafa hujja da shi, kamar hadisin da ba shi da maruwaici.

Shari'a ma ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tabbatar wa mai aiki haƙƙin a ambace shi duk sa'ad da aka yi amfani da aikinsa. Amma a lura, ambato daban, izini daban. Wanda ya ɗauki jakin maƙwabcinsa ba da saninsa ba, bai kuɓuta ba don ya yi shela a kasuwa cewa jakin wane ne.

Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. Mai aro ya nemi izini tukuna, sa'an nan ya rubuta sunan mai hoton, da wurin, da shekarar, a jikin hoton kansa, inda ba za su ɓace ba in an sāke tura shi, ya kuma faɗi abin da ya yanke ko ya ƙara. Layi biyu ne kawai, ba su kai wahalar wuni guda cikin ƙurar Uhola ba. Allah ya sa mu gane, amin.