Jinjina ga Masu Riƙe da Tarihin Gobir

A Isa da Sabon Birni, tarihi yana bakin tsofaffi da makaɗan fada da maroƙa. Su nake yi wa jinjina. Manomin da ya kwashe rana yana noman gero a bakin gulbin Rima, idan ya zauna da dare zai lissafo maka sarakunan Gobir ɗaya bayan ɗaya, ya ba ka labarin Bawa Jan Gwarzo da zamaninsa, ya gaya maka yadda Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, da yadda wasu Gobirawa suka koma Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kufan Alkalawa ma, ba don irin waɗannan dattawa ba, baƙo zai wuce ya ɗauka gona ce kawai. Su ke nuna inda ganuwa ta bi da inda fada take.

Yau 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da yawa a wannan yanki, dattawan na zaman gudun hijira. Matasan Gobir, ku ɗauki wayoyinku ku naɗi muryoyinsu tun suna raye. Allah Ya saka musu da alheri.