Harshen Ƙasa ko Harshen Aji? Tsokaci a kan Rahotannin 2025

Wannan ɗan tsokaci zai duba yadda kafofin watsa labarai suka ɗauki batun harshe a makarantun Nijar, bayan fitowar kundin sake gina ƙasa wanda Janar Abdurahaman Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi su ne harsunan aiki, sauran kuwa ya jera su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Ba kundin za mu tattauna ba. Abin da ya dame mu shi ne abin da jarida da rediyo suka mayar da shi.

Kuskure na farko na fassara ne, don haka ya shafi wannan sashe namu kai tsaye. A dokokin Nijar an daɗe da bambanta "langue officielle" da "langue nationale". Tsarin mulkin 2010 ya bai wa faransanci matsayi na farko, ya bai wa harsunanmu matsayi na biyu baki ɗayansu, kuma tun 2001 doka ta lissafa guda 10 da wannan suna, Hausa na ciki. Ke nan sabon abu a 2025 shi ne an keɓe Hausa ita kaɗai da sunan, an kuma sauke faransanci daga kujerar harshen hukuma zuwa ta harshen aiki. Amma yawancin kanun labarai, musamman na waje, cewa suka yi Hausa ta maye gurbin faransanci, suka haɗa labarin da ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci a cikin wannan wata. A shirye-shiryen Hausa abin ya ƙara dagulewa, don sau da yawa "harshen ƙasa" ake cewa ko wanne daga cikin biyun ake nufi. Na ji wani shiri na kiran waya inda wani uba ya tambaya ko ɗansa zai rubuta jarrabawar BEPC da Hausa bana. Mai gabatarwa ya gode masa, ya ɗauki kira na gaba.

Tambayar wannan uba ita ce ainihin batun, ita ce kuma aka tsallake. Akwai matsayi na huɗu wanda rahotannin ba su kula da shi ba, wato harshen koyarwa. Da wane harshe yaro mai shekara 7 zai fara koyon karatu a ajin CI? Har zuwa wane aji? Yaushe faransanci zai karɓa, kuma wa ya horar da malamin da zai haye da yara wannan gada? Waɗannan tambayoyi ba baƙi ba ne a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana koyarwa da Hausa, daga baya gwajin ya haɗa da zabarmanci, fillanci, barbarci da tamajak. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da faransanci. A 1999 aka tsayar da ƙa'idojin rubuta su, ga kuma littattafan da INDRAP ta yi ta bugawa. Shekara 50 da ɗoriya ana gwaji, wanda shi kansa abin tambaya ne: gwajin da ya haifi jikoki, me ya hana shi ƙarewa? Ɗan jaridar da ya je Damagaram ko Maraɗi ya nemi tsofaffin ɗaliban waɗannan makarantu, da ya samo labarin da ya fi kowace muhawarar situdiyo nauyi. Maimakon haka aka gabatar da batun tamkar jiya aka haife shi.

Za a ce laifin gaggawa ne. Mu dai muna ganin ɗabi'a ce tsohuwa. Jaridunmu masu zaman kansu ƴaƴan gwagwarmaya ne: Haske ta fito a 1990, ƴan watanni bayan an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya daga 1994. Tun daga lokacin makaranta ba ta zama labari sai in akwai rigima: yajin aiki, kuɗin alawus, farar shekara, ko kason waɗanda suka ci jarrabawa. An iya ɗauko sanarwar minista a ajiye ta kusa da ta ƙungiyar malamai ko ta USN, a ce an ji ta bakin kowa. Ajin kansa, da allonsa da rumfar zanarsa, ba shi da kakaki.

Haka aka yi a Yulin 2017, lokacin da aka yi wa malamai ƴan kwantaragi jarrabawar tantancewa. Rahotanni suka tsaya a kan waɗanda suka faɗi, waɗanda suka ƙaurace, da waɗanda za a sallama. Ba a tsaya an tambaya ba ko malamin da faransanci ya kayar zai iya koya wa yaro karatu da harshen da su biyun suke ji, in an horar da shi. Wataƙila amsar a'a ce, domin jin harshe daban, iya rubuta shi da koyar da shi daban, kuma mun ga masu digiri da ba su raba ƙ da k a takarda.

Ba za mu hana kafofin haƙƙinsu ba. Sun ba da fili ga damuwar masu zabarmanci, fillanci da sauran harsuna, damuwa ce kuwa ta gaskiya. Sai dai an zuba ta a ma'aunin ƙabila, wa ya ci wa ya faɗi, alhali tana da fuskar da ta shafi aji. Yaron Tilaberi ko na Bilma da za a fara koya wa karatu da Hausa zai tarar da irin katangar da yaron Tasawa yake tararwa a faransanci. Hujjar da ta kafa makarantun gwaji hujja ce ta harshen da yaro ya zo da shi daga gida, ba ta wani harshe guda ba. Mu masu nazarin Hausa ya fi cancanta mu faɗi wannan, ko da bai yi wa wasunmu daɗi ba.

Akwai aikin da ya rage wa ɗalibanmu masu neman batun kundi. A tattara labaran faransanci da na Hausa na gidan rediyo guda, na watannin Maris da Afrilu 2025, a jera su gefe da gefe, a ga da wace kalma aka fassara kowane matsayi na harshe, kuma sau nawa aka ambaci malami ko ɗalibi yana cikin aji. Gidajen rediyo da dama ba su daɗewa da ajiyar sauti, don haka wanda zai yi aikin sai ya hanzarta.