Tari Daban, Ɗakin Karatu Daban

A yau ɗalibi kan nuna mana wayarsa ɗauke da littattafan Hausa fiye da na ɗakin karatun makarantarmu, wasu rubutattu, wasu na sauraro. Mun yaba ƙwarai. Amma da muka leƙa ciki sai muka tarar da kwamacala: labari ba sunan marubuci, ba shekara, mai karatu ya soma daga kashi na 7, na 6 ya ɓace.

Laifin namu ne, marubuta da masu yaɗawa. Magana Jari Ce ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, har gobe an san na Abubakar Imam ne, domin sunansa na bangon. Rufewar manhajar OkadaBooks a 2023 kuwa ta koya mana cewa rumbun wani ba abin dogaro ba ne.

Saboda haka lalle kowane littafi ya ɗauki take, sunan marubuci, shekara da lambar kashi. Na sauraro a ƙara sunan mai karatu, sannan a ajiye kwafi wuri biyu. In mun yi sakaci, manazarcin gobe zai gaji 'ya'yan da ba a san iyayensu ba.